GWANI DABAN, MALAMI DABAN

Akwai wani kuskure da a ke yi ko'ina a duniya, a makaranta, ko a ofis, ko a filin wasa. Da zarar an ga mutum ya gwanance da wani aiki, sai a ce to, shi ya kamata a danƙa wa koyar da na baya. Ba a tsayawa a tambaya ko wanda ya iya yi ya iya koyarwa. Yau muna so mu auna wannan magana da labarin wani Ba'amurke, Bill Russell, wanda ya rasu ran 31 ga Yuli 2022 yana da shekara 88, domin a rayuwarsa an ga al'amarin ta kowace fuska.

Sana'arsa ƙwallon kwando ce. Ga wanda bai san wasan ba, mutum 5 ke karawa da mutum 5, kowane gefe yana ƙoƙarin jefa ƙwallo cikin wani kwando da a ke ratayewa ƙafa 10 daga ƙasa. A Amurka sana'a ce sosai, ana biyan mutane albashi a kanta, kuma babbar gasarsu ita a ke kira NBA.

An haifi Russell a 1934 a Luwiziyana, can kudancin Amurka, a zamanin da doka ta raba baƙar fata da farar fata a makaranta da wurin cin abinci. Iyayensa suka yi ƙaura zuwa Oakland ta Kalifoniya, uwarsa kuwa ta rasu yana da shekara 12. Da ya shiga makarantar sakandare ta McClymonds, dogo ne ƙwarai amma ba shi da fasalin wasa ko kaɗan, ba wanda ya zaci zai zama wani abu. Sai wani malami, George Powles, wanda ma a wani wasa dabam ya fi suna, ya ga yaron yana da naci. Ƙungiyar yaran ta riga ta cika da mutum 15, amma ya ƙara da shi na 16, suna karɓa-karɓar rigar wasa ɗaya da wani yaro. Mai karatu ya riƙe sunan wannan malami, za mu komo kansa.

Daga nan abu ya yi ta gaba. A Jami'ar San Francisco ƙungiyarsa ta ɗauki kofin jami'o'in Amurka a 1955 da 1956. Cikin 1956 ɗin kuma ya samu lambar zinariya a wasannin Olamfik na Melbourne, a Ostareliya, sa'an nan ya shiga ƙungiyar Boston Celtics. Shekara 13 ya yi a can, a cikinsu suka ɗauki kofi sau 11, har da sau 8 a jere daga 1959 zuwa 1966. Sau 5 a ke zaɓensa ɗan wasan da ya fi kowa amfani a gasar.

Abin lura shi ne, ba a jefa ƙwallo ya yi fice ba. In an raba, abin da ya kan ci bai wuce maki 15 da ɗoriya a kowane wasa ba, alhali babban abokin karawarsa, Wilt Chamberlain, ya taɓa cin maki 100 a dare ɗaya a 1962. Aikin Russell tsaron gida ne. Ya kan doke ƙwallon abokin gaba tun tana sama, ya kan cafe wadda ta kuskure kwando, fiye da 22 a kowane wasa, ya miƙa wa 'yan'uwansa su ruga su ci. Ya gane tun da wuri cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A 1966 mai horar da ƙungiyar, Red Auerbach, ya sauka, ya danƙa wa Russell aikin, yana horarwa kuma yana cikin wasa. Shi ne baƙin mutum na farko da aka ba wannan matsayi a NBA. Ba ƙaramin nauyi ba ne, gama idon jama'a na kansa, kuma ba duka ke yi masa fatan alheri ba. Mutumin da a 1961 shi da 'yan'uwansa baƙaƙe suka ƙi yin wasa a garin Lexington don an ƙi sayar wa waɗansunsu abinci, wanda kuma aka taɓa fasa gidansa aka rubuta zagi a bango, ya san in ya kasa ba shi kaɗai za a ce ya kasa ba.

Shekarar farko aka fitar da su, ƙungiyar Filadelfiya ta su Chamberlain ta yi musu kaye a 1967. Amma a 1968 suka rama, suka ɗauki kofi. A 1969, duk da tsufa ya fara kama manyan 'yan wasansu, suka je har Los Angeles suka ci wasan ƙarshe da maki 108 da 106. Daga nan ya ajiye wasa yana da shekara 35.

To, da a nan labarin ya tsaya, da sai a ce ai ga shaida, gwani shi ne malami. Amma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A 1973 ƙungiyar Seattle ta ɗauke shi horarwa. Gaskiya ne ya kai su zagayen neman kofi karo na farko a tarihinsu a 1975, ba za a hana shi wannan yabo ba. Amma aka yi ta samun saɓani tsakaninsa da 'yan wasa, ya bar aikin a 1977, wasannin da ya rasa sun ɗan ɗara waɗanda ya ci. A 1987 ya sake gwadawa a Sacramento, ya ci wasa 17 ya rasa 41, aka sauke shi tun shekarar wasa ba ta ƙare ba.

Me ya kawo haka? A ganinmu dalilin a fili ya ke. A Boston ya shugabanci ƙwararru ne waɗanda wani ya riga ya horar, sun san aikin, sun san shi, kuma yana tsakiyar fili yana rufe ɓarakarsu da hannunsa. A Seattle da Sacramento kuwa yana zaune a gefe, ba shi da makami sai bakinsa. Abin da jikin gwani ya saba yi ba da tunani ba, shi ya fi wuyar fayyacewa daki-daki ga wanda bai iya ba. Kuma wanda bai saba kasawa ba, da wuya ya jure wa mai kasawa.

Kada a ɗauka muna cewa gwani ba ya zama malami. Ita Seattle ɗin ta ɗauki kofi a 1979 a hannun Lenny Wilkens, shi ma tsohon shahararren ɗan wasa, kuma cikin 'yan wasansa har da wanda Russell ya ɗauko. Abin da mu ke cewa shi ne, koyarwa sana'a ce mai zaman kanta, ana koyonta kamar kowace sana'a, ba ta zuwa gyara a kan gwaninta.

Saboda haka muna da magana ga mutum uku. Ga masu naɗa shugabanni, kada shugabancin koyarwa ya zama tukwicin ƙwazo kurum. A tambaya, wa mutumin nan ya taɓa koya wa wani abu har ya iya? In ba a samu amsa ba, a fara horar da shi kafin a ba shi na baya. Ga gwanin da aka naɗa, ya sani ranar da ya karɓi aikin ya koma ɗan koyo, kuma daga ranar ba da aikin hannunsa za a auna shi ba, sai da aikin waɗanda ke ƙarƙashinsa.

Na ukun shi ne malamin da ke ganin kansa ba kowa ba don bai taɓa yin fice ba. Shi ya tuna da George Powles. Amurka ta girmama Russell, Shugaba Obama ya ba shi babbar lambar yabo ta ƙasa a 2011, bayan rasuwarsa kuma aka daina ba sababbin 'yan wasa lambarsa, watau 6, a NBA baki ɗaya. Duk ya cancanta. Amma da malamin nan ya ce wuri ya cika, da wataƙila ba wanda zai ji sunan Russell. Kowane gauta ja ne, sai dai in bai sha rana ba. Kowane aji yana da yaronsa na 16, kuma gobe da safe zai zo ya zauna a layin baya.