HAƘORIN KYANWA YA SAMU LIKITA, BAKIN SANIYA FA?

Wanda ya ji kan maganarmu ta wannan fitowa zai ɗauka raha muke yi, alhali kuwa babu raha a cikinta ko kaɗan. Magana ce a kan abin da ake kashewa wajen gyaran haƙorin kyanwa, da abin da ake hana wa dabbar da ke ciyar da ƙasar Sudan.

Ga waɗanda ba su taɓa ji ba, a Amurka da Ingila akwai likitocin dabbobi waɗanda sana'arsu ita ce haƙoran karnuka da kyanwoyi. Babbar kyanwa tana da haƙora 30, kuma da yake ba ta yarda a buɗe mata baki da lallashi, sai an ɗebi jininta an auna, an yi mata allurar barci, an ɗauki hoton muƙamuƙinta, sa'an nan a kankare mata dattin haƙori, a cire wanda ya ruɓe, a ɗinke dasashi, a sallame ta da magani. A Amurka wankin kaɗai yakan ci ɗaruruwan daloli, in kuwa an haɗa da cire haƙora yana iya zarce dala 1,000. Fatake, ku da kuka iya lissafi da ka, ku mayar da wannan kuɗi fam na Sudan ku gani tumaki nawa ne.

Kada a ce abin can ƙasar Turawa ya tsaya. Kafin yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023, a nan Khartum ma an samu ɗakunan shan magani na karnuka da kyanwoyi a unguwannin masu hali, inda ma'aikatan ofisoshin jakadanci da manyan 'yan kasuwa ke zaune. Matasan da ke aiki a ciki kuwa namu ne, 'ya'yan ƙasa ne, da dukiyar ƙasa aka koya musu aikin.

To mu ba mu da faɗa da kyanwa. Duk mai rumbu ya san amfaninta, kuma dabba ce mai rai, in haƙori ya dame ta tana jin zafi kamar kowa. Mai kuɗi kuma kuɗinsa ne, in ya so ya sa mata haƙorin Makka. Har ma muna cewa allurar da ake yi wa karnuka da kyanwoyi saboda ciwon haukan kare ta zama tilas, domin yaranmu ne ake ciza a unguwa. Faɗanmu da waɗanda suka shirya al'amura ne yadda likita ba zai iya ci da iyalinsa ba sai ya zauna a birni yana jiran mai kyanwa.

In maganar haƙori ake yi, wa ya kai mu saninsa? Da haƙori muke ciniki. Kowane dillali a kasuwar Muwailih ta yammacin Omdurman, kafin ya buɗe bakinsa ya faɗi kuɗi sai ya buɗe bakin dabba tukuna. Saniya tana da haƙora 32, takwas daga ciki su ne na gaba a ƙasa, sama kuwa babu ko ɗaya sai dasashi mai kauri wanda take danne ciyawa da shi ta fizga. Wajen shekara biyu take zubar da biyun tsakiya na nono, manya su fito, sa'an nan bibbiyu suna biyo baya har baki ya cika wajen shekara huɗu zuwa biyar. Haka rago, shi ya sa ake jin Larabawan kasuwa suna cewa jada da tani da raba da sadis, kowane da farashinsa. Yaron ruga ɗan shekara goma ya san wannan ba tare da ya shiga aji ba.

Ya kuma san abin da ke biyo baya. Saniyar da ta shekara da shekaru tana kiwo a ƙasa mai yashi, da rani in ciyawa ta yi gajere tana haɗawa da ƙasa, haƙoranta sukan cinye su koma kamar duwatsun dara, wasu su faɗi. Daga nan sai ka ga tana cikin ciyawa amma tana ramewa, nono ya janye, ba ta ɗaukar ciki, in rani ya yi tsanani ita ce ta farkon kwanciya. Sai kuma boru, wanda ke fasa harshe da dasashi har dabba ta tsaya yawu na zuba ta kasa cin komai, ya bi garke kaf cikin 'yan kwanaki, 'yan maruƙa suna mutuwa. Wannan duk ciwon baki ne. Muna tambaya, a cikinku wane ne likitan gwamnati ya taɓa zuwa rugarsa ya buɗe bakin saniyarsa ya ce wannan a ware ta a ba ta dusa da ambaz, waccan a sayar kafin ta faɗi? Mu dai a tarukanmu ba mu ga hannun da aka ɗaga ba.

A Mantiƙa Sinaiya, inda muka saba kai motocin ɗaukar dabbobi gyara, in mota ta yi tari sau ɗaya makanikai biyar za su taso mata, wannan ya shiga ƙarƙashi, wancan ya sa kunne a inji, mai walda yana jira. Shanun da motar ta ɗauko kuwa, waɗanda suka fi ta daraja, tun daga Nyala ko Ubayyid babu wanda ya dube su sai masu rasit. Su kam ba su taɓa makara ba. Da ana kiransa kuɗin garke, kamar jangalin da kakanninmu suka sani a ƙasar Hausa, yau kowace ƙaramar hukuma da nata sunan, kowane shinge da nasa, ga na kasuwa, ga wanda ake rubutawa wai kuɗin duba lafiyar dabba alhali ko wutsiyarta ba a ɗaga ba.

Ba haka abin yake ba tun asali, kuma dattawanmu shaida ne. Tun 1938 aka buɗe makarantar likitancin dabbobi a Khartum, wadda ta zama sashen Jami'ar Khartum da ke Shambat. Aka kafa babban ɗakin binciken cututtukan dabbobi a Soba, inda ake haɗa alluran rigakafi, kamar yadda Najeriya ke da Vom tun 1924. A wancan zamani malaman dabbobi suna fita daji da mota da tanti, su kafa shinge, a kora shanu a yi musu allura a tsaga kunne. Sai aka shiga shekarun 1980 da 1990, Bankin Duniya da masu ba da bashi suka matsa wa ƙasashen Afirka su rage kashe kuɗi, su sakar wa 'yan kasuwa aikin lafiyar dabbobi. Najeriya ta shiga nata tsarin a 1986, Sudan ta saki kasuwa a 1992. Aka ce wai makiyayi zai biya, likita zai zo. To likitan da ba shi da mota, ba shi da mai, ba shi da firjin ajiye allura, da me zai bi garken da yau yana nan gobe ya ƙetare kogi? Wasu suka buɗe kantin magani a birni, wasu suka koma gonakin kaji, masu yawa suka tafi Saudiyya da ƙasashen Larabawa na gaɓar teku. Wanda ya rage ya samu mai kyanwa, ba mu ga laifinsa ba.

Giɓin da suka bari kuwa ɗan tebur ne ya cike shi. A rana ake shanya maganin sammore da na tsutsa da allurar ciwon huhu, wani ya wuce kwanansa, wani jabu ne, mai sayarwa bai iya karanta takardar ba balle mai saye. Makiyayi ya ba da rabin awo domin kuɗi ya isa, ciwo ya lafa ya dawo da ƙarfinsa, har maganin gaske ma ya daina kama shi.

Wanda ya ce wannan damuwar makiyayi ce shi kaɗai, ya tuna 2007, lokacin da zazzaɓin Rift Valley ya ɓulla a jihohin Farin Nilu da Sinnar da Jazira, ya kashe mutane fiye da 200, aka rufe wa dabbobinmu ƙofar Saudiyya. Ya sake ɓulla a 2019, aka sake rufewa. A 2020 kuma jiragen ruwa cike da tumaki suka riƙa juyowa daga Jidda zuwa Suwakin, domin an auna an ga rigakafin bai kama jikinsu yadda ake so ba. Fatake nawa ne suka karye a wannan shekara? Kuma tun da Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da yawancin man fetur, in ka cire zinariya, dabba tana cikin manyan abubuwan da ke kawo wa ƙasar nan kuɗin waje. Gwamnati da bakinta take cewa dabbobin sun haura miliyan 100, ko da yake rabon da a yi musu cikakkiyar ƙidaya tun 1975 zuwa 1976. Dukiyar da ba ka ƙirga ba shekara hamsin, yaya za ka san allura nawa take bukata?

Kada kuma a ce mana abin ya gagara domin makiyayi jahili ne. Bushiya, wadda ta share garkuna a Najeriya a 1983, an bayyana ƙarewarta a duniya a 2011, kuma ɗaya daga wuraren da ta fi wuyar kashewa shi ne kudancin Sudan, ana tsakiyar yaƙi. Da aka samu allurar da ke jure zafi ba sai da firji ba, sai aka koya wa 'ya'yan makiyaya da kansu a shekarun 1990, suka ɗauke ta a ƙafa suka bi shanu inda mota ba ta zuwa. Su ne suka gama aikin. Abin da yaran Dinka da Nuwer suka iya, yaran Fulani da Hausawa na Mai Wurno da Damazin da Gadarif za su iya, haka 'ya'yan Baggara.

Yaƙin nan ya tsayar da aikin Soba, ya tarwatsa Muwailih, ya bar Mantiƙa Sinaiya kango, makanikanmu sun watsu. Tun da soja suka karɓe Khartum a watan Maris 2025 ake ta maganar sake gini, kuma mun san halin birni: abin da masu hali ke bukata shi ke fara dawowa. Saboda haka muke faɗa tun yanzu da babbar murya, a fara da Soba, domin ƙasa mai wannan dukiya bai kamata ta zauna jiran allurar sadaka daga waje ba. A gyara Shambat da wurin killace dabbobi na Kadaro. Kuɗin da ake karɓa da sunan lafiyar dabba a ware shi, a buga a takarda kowa ya ga inda ya shiga, a biya likitan daji albashin da zai hana shi sha'awar birni, a ba shi mota da mai. Kowace babbar mashaya da kowane burtali a koya wa yaro biyu daga cikinmu allura da awon magani, likita yana zagayowa yana duba aikinsu.

Mu kuma namu aikin shi ne hujja. Muna roƙon kowane memba ya daina yar da rasit. Duk takardar da aka ba ka a shinge ko a kasuwa, da duk kwalbar maganin da ka saya bai yi aiki ba, ka adana ka kawo wa sakataren reshenku kafin taro mai zuwa, tare da yawan dabbobin da ka rasa da sunan wurin. Da su za mu shiga ofishin ma'aikatar dabbobi, mu zube a kan tebur.