Wa Zai Duba Tsofaffin da ke Cikin Gida?

A shekarar 2011 ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ran 15 ga Yuni don jawo hankali ga zaluncin da ake yi wa tsofaffi. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce cikin mutum 6 da suka kai shekara 60, wajen ɗaya yakan gamu da wulaƙanci ko cuta. Waɗansu za su ce ai wannan zancen ƙasashen Turawa ne, mu tsohonmu yana tsakiyar 'ya'ya da jikoki. Haka ne, amma a nan ɗin ne abin yake ɓuya.

Mu ɗauki ƙauyukanmu irin su Wurno, a ƙasar Birnin Kudu. Da an gama kaka samari sun tafi cin rani, an bar tsofaffi hannun wanda ya ga dama. Wata a karɓe mata gonar gado, wani katinsa na banki yana aljihun jika, wata kuma ruɗewar tsufa ta same ta sai a ce mayya ce. Ba kuwa za su kai ƙara ba, gama tsoho ya gwammace ya kwana da yunwa da ya tona asirin ɗansa gaban alƙali.

Doka dai akwai. Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar hana cin zarafin mutane a 2015, Jihar Jigawa ta yi tata a 2021. Amma doka ba ta sallama a zaure, sai mutum.

Saboda haka muke ganin lalle a horar da ma'aikatan jin daɗin jama'a su san alamu, watau gyambon kwanciya, da rama ba ciwo, da tsohon da ke yin tsit da zarar wane ya shigo. A koya musu dabarar ganawa da shi shi kaɗai. A kuma yawaita mata cikinsu, tun da namiji iyakarsa zaure.

Sa'an nan su san inda za su nufa. Sau da yawa ba mugunta ba ce, talauci ne da gajiyar mai jinya, wannan kuwa mai unguwa da liman sun isa su gyara. In da rauni, sai Asibitin Tarayya na Birnin Kudu. In kuwa dukiya aka taɓa, a rubuta a kai wa dagaci da hakimi, in ya faskara a wuce kotu.