Nadama Ce, Ko Kwaɗayin Komawa?

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, wani abin takaici ya ɓulla tsakanin samarinmu na cikin ganuwa, daga Mandawari har Yakasai. Yaro zai kwana yana buga PUBG ko Free Fire a waya. Ranar da ya yi ashar ko maguɗi aka kore shi daga ƙungiyar wasan, sai ya rubuta dogon saƙon ban-haƙuri, yana magiya, yana rantsuwa ba zai ƙara ba. Alhali shi ne asuba ke wucewa yana barci, shi ne ke ɗaga wa mahaifiyarsa murya kan kuɗin data, bai kuwa taɓa durƙusawa ya ce ta yafe masa ba!

Mun yarda wanda ka zaga yana da haƙƙi a kanka, ko ba ka taɓa ganin fuskarsa ba. Amma mu dubi Ka'abu ɗan Maliku, Allah Ya yarda da shi. Bayan yaƙin Tabuka, shekara ta 9 bayan Hijira, an ƙaurace masa kwana 50 a Madina. Ya faɗi laifinsa ba tare da uzurin ƙarya ba. Da Sarkin Gassan ya aiko masa da wasiƙar gayyata, a tanderu ya jefa ta. Namu kuwa, in aka ƙi mayar da su, sai su sake suna su shiga ta bayan gida.

Iyaye da limamai, mu koya musu sharuɗɗan tuba: nadama, dainawa, ƙudurin rashin komawa, da mayar da haƙƙi ga mai shi, a fara da na cikin gida. Allah Ya shirye mu, amin.