Ƙanƙarar Kilimanjaro da Dajin da Ba a Ɗaukar Hotonsa

Kilimanjaro, wanda ke arewa maso gabashin Tanzaniya daura da iyakar Kenya, shi ne tsauni mafi tsawo a Afirka, domin ƙololuwarsa ta kai mita 5,895 daga doron teku, kuma ƙanƙarar da ke kansa ta daɗe da zama hujjar da ake saurin kafawa duk lokacin da aka ɗauko zancen ɗumamar duniya. Akan jera hotuna biyu, tsoho da sabo, a bar mai kallo ya yanke hukunci da kansa. Raguwar kam babu gardama a kanta: taswirar da masu bincike Jamusawa suka zana a 1912 ta nuna ƙanƙara ta rufe kusan murabba'in kilomita 12, a shekarar 2000 abin da ya rage bai wuce 2.6 ba, zuwa 2007 kuma ya gaza 2. Sai dai hoto iyakarsa ya shaida cewa ƙanƙara ta tafi, ba shi da ta cewa a kan abin da ya tafi da ita, kuma sanin wannan dalili bai samu ba sai da wasu suka hau kan tsaunin suka kafa na'urori, suka bar su shekara da shekaru suna aune-aune.

A farkon shekarar 2000 ne Lonnie Thompson na Jami'ar Jihar Ohio da ke Amurka ya jagoranci ayarin da ya haƙo sanduna shida na ƙanƙara daga ƙololuwar. Sandar ƙanƙara, a wurin masana wannan fanni, doguwar ƙanƙara ce mai siffar bututu da ake zarowa da na'urar huda tun daga sama har zuwa dutsen da ke ƙasa, kuma amfaninta shi ne dusar da ke sauka kowane lokaci takan danne ta baya tare da ƙura da sinadaran da iskar wancan zamani ta ɗauko, ta yadda zurfi yake zama ma'aunin daɗewa. Mafi tsawo cikin sandunan ta kai kimanin mita 50, kuma a sakamakon da aka buga a mujallar Science a 2002, ayarin ya ce ta ƙunshi tarihin shekara 11,700, ciki har da wani kauri na ƙura da ke nuna fari mai tsanani na kusan shekara 300 da ya auku shekara 4,000 da suka wuce. A nan ne kuma aka yi hasashen cewa ƙanƙarar za ta ƙare tsakanin 2015 da 2020. Wa'adin ya zo ya wuce, ƙanƙarar tana nan, ko da yake ta ƙara tsukewa, kuma masu musun sauyin yanayi ba su bar wannan dama ta kuɓuce musu ba.

Abin da ya fi sandunan tasiri a kan fahimtar lamarin, a ganina, wata na'ura ce da ba ta yi suna ba. A wannan tafiya ta 2000, Douglas Hardy na Jami'ar Massachusetts ya kafa tashar auna yanayi mai sarrafa kanta a kan filin ƙanƙara na arewa, tana rubuta sanyin iska da danshinta da ƙarfin hasken rana da kaurin dusa, daga baya kuma Georg Kaser da Thomas Mölg na Jami'ar Innsbruck ta Ostiriya suka ƙara nasu. Alƙaluman sun nuna cewa matsakaicin sanyin iska a can sama yana wajen digiri 7 ƙasa da sifiri, wato iskar kanta ba ta da ɗumin da zai narkar da ƙanƙara yadda ake gani a tsaunukan Turai. Hasken rana ne ke cin ta, kuma kaso mai yawa na abin da ke ɓacewa daga saman filin yana zama tururi kai tsaye ba tare da ya bi ta matakin ruwa ba, saboda bushewar iska, kamar dai yadda shanya ke bushewa da hunturu alhali ana rawar ɗari. Wannan hanya tana cin makamashi ninki takwas na wanda narkewa ke ci, shi ya sa ƙanƙarar ke tafiya a hankali. Sabuwar dusa fara ce fat, tana mayar da yawancin hasken sama, amma idan aka daɗe ba ta sauka ba sai tsohuwar ƙanƙara mai duhu ta bayyana ta shanye hasken, don haka makomar filin ta fi rataya a kan yawan saukar dusa da gajimare fiye da a kan ma'aunin zafi. Da suka haɗa wannan da shaidar cewa gabashin Afirka ya shiga zamanin bushewa tun wajen 1880, lokacin da ruwan manyan tabkunan yankin ya ja baya, masanan Innsbruck suka yanke cewa ƙarancin danshi ne ya fara wannan raguwa.

Muhawarar ba ta mutu a nan ba. Thompson ya mayar da martani a 2009 da cewa saman sandunansa na ɗauke da alamun narkewa da sake daskarewa waɗanda babu irinsu a can ƙasa, su kuma na Innsbruck sun yi shakkar cewa ƙanƙarar ta kai shekarun da aka ba ta. Kazalika babu ɗayansu da ya wanke ɗumamar duniya, tunda danshin da ke isa tsaunin daga Tekun Indiya yake tasowa, kuma ɗumamar tekun tana sauya yadda iska ke kai shi. Abin lura shi ne kowane ɓangare da awon da aka yi a wurin yake kare matsayinsa.

Yayin da hankali ya tattara a ƙololuwa, wani masanin tsirrai na Jami'ar Bayreuth ta Jamus, Andreas Hemp, ya shafe shekaru yana bin gangaren tsaunin yana rubuta abin da ke tsiro a kowane mataki, tun daga gonakin ayaba da kofi na al'ummar Chagga har zuwa inda itace ke ƙarewa. Shi ne a 2016 ya ba da rahoton wata bishiya mai tsawon mita 81.5 a wani kwari na tsaunin, wadda ba a auna wata bishiyar asalin Afirka da ta fi ta ba. Amma babban abin da aikinsa ya bankaɗo shi ne gobara. Dajin da ke can sama, wanda ake kira dajin gajimare saboda kusan kullum yana lulluɓe cikin hazo mai laima, yana tatsar ruwa daga iska: ɗigon hazon kan maƙale a ganyaye da gansakuka, ya taru, ya zubo ƙasa, ya shiga maɓuɓɓugai ko da ba a yi ruwan sama ba. Hemp ya nuna cewa tun daga 1976 gobara mai yawan maimaituwa, wadda bushewar yanayi da hannun ɗan'adam suka haɗu wajen rura ta, ta turo iyakar wannan daji ƙasa da ɗaruruwan mitoci, kuma ruwan da aka yi hasara ta wannan hanya a shekara ya ninka wanda ƙanƙarar ke bayarwa sau da yawa. Ruwan da Chagga ke jawowa ta magudanansu na gargajiya, da wanda ke gangarawa Kogin Pangani ya juya injinan lantarki, daga dajin yake fitowa. Manyan gobarar da suka tashi a watan Oktoba na 2020 da kuma na 2022 sun ci wannan sashe na sama, amma labarinsu bai yi kwana nawa a kafafen yaɗa labarai ba.

Irin wannan sani ba ya samuwa sai da awo mai ɗorewa, kuma nan ne rauni yake. Tashar Mauna Loa ta Hawaii, da ke bisa tsauni a mita 3,397 daga doron teku, an zaɓe ta ne saboda iskar can sama ba ta gauraya da hayaƙin gari ba, kuma darajarta ita ce tun Maris na 1958, lokacin da Charles David Keeling ya fara auna iskar kabon dayoksaid ya sami kusan kashi 315 cikin miliyan, ana ci gaba da awon har adadin ya haura 420. Ko ita ma ta yi giɓi na 'yan watanni a 1964 saboda yankewar kuɗi, kuma da aman wutar dutsen ya datse hanya da lantarki a ƙarshen 2022, sai aka garzaya aka kafa na'ura a Mauna Kea don kada jerin ya tsinke. A Afirka tashoshin tsauni masu irin wannan aiki ba su taka kara sun karya ba: akwai ta Tsaunin Kenya, akwai ta Assekrem a duwatsun Hoggar na Aljeriya, sai kuma kaɗan. Yawancin binciken Kilimanjaro da tallafin waje na 'yan shekaru aka yi shi, sandunan ƙanƙarar suna ajiye a ɗakin sanyi a Ohio, su kuwa 'yan dakon da suka hau da kayan aikin a kansu ba kasafai ake jin sunansu ba.

Najeriya tana da nata misalin a Ngel Nyaki, wani dajin tsauni da ke Mambila a Jihar Taraba, inda Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury ta New Zealand ta kafa tashar bincike da ke horar da ɗaliban jami'o'in ƙasar. A 2014 an shata fili mai hekta 20 a cikin dajin, aka sa wa kowace bishiyar da kaurinta ya kai santimita ɗaya lamba, bisa tsarin da ake bi a irin waɗannan filaye a duniya na komawa a sake auna su duk bayan shekara biyar. Barazanar can ma wutar daji ce ta rani da shigar shanu gefen dajin. Ƙidaya ɗaya ba ta faɗin ko daji na ƙaruwa ko na mutuwa, sai an yi ta uku da ta huɗu, kuma kuɗin da hakan ke buƙata, wato albashin masu awo da gyaran na'urori da ajiyar bayanai, bai fi ƙarfin kasafin jiha ko na asusun tallafa wa manyan makarantu ba, muddin aka sa shi a matsayin abin da ake biya kowace shekara.