Kafin Ma'aikaci Ya Zuba Albashinsa A Kan Kwamfuta

Tun daga shekarar 2015, lokacin da hukumar JAMB ta daina jarrabawar fensir da takarda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, wannan na'ura ta tashi daga cikin kayan ƙawa ta shiga cikin kayan bukata a gidan duk wani mai ɗa a makaranta. A 2024 hukumar WAEC ma ta fara bin sahu ga masu zama jarrabawarta daga waje. Ɗalibin jami'a ba ya kammala karatu sai ya buga kundinsa, malamin makaranta yana shirya sakamakon 'yan ajinsa, akawu kuma yakan kai ragowar aikin ofis gida domin ya ƙarasa da dare. Saboda haka abin da ke damun magidanta a yau shi ne wace irin kwamfutar tafi-da-gidanka za a saya, da nawa, kuma a hannun wa.

Ko shakka babu lokacin bai yi wa mai saye daɗi ba. Kwamfuta kayan ƙetare ce, da dala ake shigo da ita, alhali kuwa dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 kafin watan Yuni na 2023 ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Mafi ƙanƙancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne, kuma ko an tara na wata biyu cur ba a taɓa ko kwabo ba, da wuya ya sayi kwamfutar kirki. Daɗin daɗawa, tun daga ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabo a kasuwannin duniya, domin manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe shi zuwa cibiyoyinsu. Ma'aikacin da ya yi wata shida yana zubin adashi, ko ya ci bashi daga ƙungiyar gama kai ta ofishinsu, kuskure guda ya isa ya bar shi yana biyan kuɗin abin da ya riga ya mutu a ƙarƙashin gado.

Tarko na farko shi ne sabuwa mai araha. Mutum ya shiga shago a Farm Centre ko titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, ko kuwa Computer Village da ke Ikeja, sai a zaro masa wata siririya fil a leda, tana sheƙi, a faɗa masa kuɗin da bai kai na tsohuwar da ke kusa da ita ba. Hausawa suka ce araha ba ta ado. Galibin irin waɗannan ƙwaƙwalwarsu Celeron ce, RAM ɗinsu gigabait 4 ne, wanda sau da yawa an like shi a jikin allon injin ba shi ƙaruwa, ma'ajiyarsu kuma wata 'yar ƙarama ce da ake kira eMMC mai gigabait 64, wadda Windows kaɗai ke cinye kaso mai yawa daga cikinta. A makon farko za ta yi aiki lami lafiya. Da zarar an buɗe shafuka biyar ko shida na intanet tare da takardar Word, sai ta fara jan ƙafa, kuma babu wani mai gyara da zai iya yi mata magani, tun da haka aka ƙera ta.

Tarko na biyu ya fi na farko kama masu ilimi, watau ɗan tambarin nan da ake mannawa kusa da madannai. An riga an cusa wa jama'a cewa Core i7 ta fi Core i5, ita kuma ta fi Core i3, don haka da ɗan kasuwa ya ce "i7 ce, ranka ya daɗe", sai ciniki ya faɗa. Wannan magana gaskiya ce kawai idan zubinsu ɗaya. Kamfanin Intel yana fitar da ƙwaƙwalwar kwamfuta zubi-zubi ne, kuma lambar da ke biye da sunan ita ce ke nuna zubin. Wadda aka rubuta i5-6300U ta zubi na 6 ce, i7-7500U ta zubi na 7, i5-8250U kuwa ta zubi na 8. Daga zubi na 10 zuwa sama lambobi biyu na farko ake dubawa. To, i7-7500U ɗin nan mai babban suna injuna biyu gare ta a ciki, ita kuwa i5-8250U huɗu gare ta, saboda haka ƙaramar a suna ta fi babbar ƙarfi nesa ba kusa ba. Mai saye da ya biya ƙarin kuɗi saboda lamba 7 ya je neman ƙiba ne ya samo rama.

Wannan batu na zubi ya ƙara nauyi tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, ranar da kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar yau da kullum da yake yi wa Windows 10. Magajiyarta, Windows 11, tana da sharuɗɗa: daga cikinsu akwai wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da kuma ƙwaƙwalwar Intel ta zubi na 8 zuwa sama, in ban da wasu 'yan ƙalilan. Ofisoshin Turai da Amurka ba su ajiye injin da ya faɗi wannan sharaɗi, kuma kowa ya san inda tsofaffin kayansu suke ƙarewa. Babu mamaki ke nan idan 'yan zubi na 6 da na 7 suka cika kantuna da farashi mai jan hankali. Wasu masu shaguna sukan bi ta bayan gida su ɗora musu Windows 11, har mai saye ya gani da idonsa a kan allo ya gamsu, alhali Microsoft ya faɗa a fili cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da aika wa irin waɗannan gyare-gyaren tsaro ba. Ga wanda ke shiga asusun bankinsa, ko yake ajiye takardun ofis a kan na'urar, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ganin Windows 11 a kan allo bai isa shaida ba. Lambar ƙwaƙwalwar ce za a karanta, kuma tana nan a sashen Settings, ƙarƙashin About.

To, me ya kamata mai ƙaramin ƙarfi ya nema? Ga aikin gida na yau da kullum, watau buga takardu, lissafi, karatu a intanet, kallon lacca da gwajin jarrabawa, abin da ya fi dacewa shi ne ta hannu daga cikin waɗanda aka ƙera domin ofisoshi, irin su HP EliteBook, Dell Latitude da Lenovo ThinkPad. An yi su ne domin ma'aikacin da zai riƙa buɗewa yana rufewa kullum har shekaru, saboda haka jikinsu ya fi ƙwari, ana iya kwance su, kuma kayan gyaransu sun wadata a kasuwa. EliteBook 840 G5, da Latitude 7490, da ThinkPad T480 duk fitowar 2018 ne, akasarinsu kuma 'yan zubi na 8, ko da yake akwai waɗanda aka sa wa ƙwaƙwalwar zubi na 7 a ƙarƙashin suna ɗaya, don haka nan ma sai an duba lamba. A ɓangaren AMD, Ryzen na jerin 3000 zuwa sama ya wadatar. RAM kada ya gaza gigabait 8. Ma'ajiya kuwa lalle ta zama SSD, ko da ta gigabait 256 ce, domin ta fi tsohon faifai mai juyawa sauri ninki-ba-ninki, kuma ba ta jin tsoron girgizar jaka a bayan babur. Ɗan kasuwa zai yi ta kwarzanta faifai mai gigabait 1,000. Wanda zai ajiye takardu da hotunan iyali ba zai cika rabin 256 ɗin ba cikin shekaru.

Allo mai taɓawa, da mai lanƙwasuwa ya koma kamar littafi, da fitilu masu launi, duk kuɗi ne a banza ga mai wannan bukata, kuma ranar da allon ya fashe gyaransa ya fi tsada.

Sai kuma batir, wanda a ƙasar nan shi ne rabin kwamfuta. Unguwannin da aka sa a rukunin A ne kawai aka yi wa alkawarin wutar sa'o'i 20 a rana, sauran jama'a kuwa sai yadda ta yiwu. Injin da ba ya riƙe caji, komai ƙarfinsa, ya zama na girke. Ba kuma sai an dogara da rantsuwar mai shago ba, domin Windows da kanta tana ba da rahoto: a buɗe Command Prompt a rubuta powercfg /batteryreport, za ta fitar da takarda mai nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi, da kuma abin da yake iya ɗauka a yanzu. Idan na biyun bai kai kashi biyu cikin uku na na farkon ba, to, a sa kuɗin sabon batir cikin lissafin ciniki. Haka nan caja: ta asali ake so, mai awon da ya dace da injin, galibi wat 45 ko 65, domin jabun caja tare da wutar ƙaramin janareto sun kashe injuna masu yawa.

Wajibi ne mai saye ya zauna a shagon ko da rabin sa'a ce kafin ya ƙirga kuɗi. Ya danna kowane harafi, ya gwada kyamara da lasifika da kowace kafa ta USB, ya haɗa da intanet ɗin wayarsa, ya buɗe farin shafi ya duba ko allon yana da tabo, ya saurari fanka. Ya kuma sa a shiga BIOS a gabansa, domin wasu injunan ofis sukan zo da makullin tsohon kamfaninsu, kuma ranar da aka sake ɗora musu Windows sai su nemi kalmar sirrin da babu mai ita a nahiyar nan. Sa'an nan ya karɓi rasit mai ɗauke da sunan shago, da lambar jikin na'urar, da kwanakin garanti a rubuce. Wannan takarda ita ce garkuwarsa idan injin ya lalace, ita ce kuma za ta wanke shi idan wata rana 'yan sanda suka biyo sawun kayan sata. Cinikin bakin titi, komai arharsa, ba shi da wannan kariya.

Wanda kuwa ya riga ya mallaki tsohuwa 'yar zubi na 6 ko na 7, kada ya ɗauka ta zama shara. Ana iya musanya mata faifai da SSD, a ƙara RAM, a ɗora mata Linux Mint ko Ubuntu tare da LibreOffice, waɗanda duk kyauta ne, ta ci gaba da yi wa yara hidima. Abin da take bukata kawai, kamar sauran 'yan'uwanta, shi ne a daina ɗora ta a kan katifa tana toshe mata numfashi, a kuma kai ta a bushe mata ƙura bayan kowane hunturu. Masu rubutu da Hausa ma su sani cewa Windows tana da tsarin madannai na Hausa mai ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ, ba sai an biya kowa ba.

Amma fa bai kamata a bar wa mai saye wannan nauyi shi kaɗai ba. Tun da aka yi dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ɓoye wa mai saye gaskiyar kaya ya saɓa wa doka, sai dai har yanzu ɗalibin da aka sayar wa injin zubi na 6 da sunan sabon yayi bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Ya dace hukumar ta haɗa kai da shugabannin kasuwannin kwamfuta a tilasta wa kowane shago rubuta lambar ƙwaƙwalwa, da girman RAM, da lafiyar batir a jikin kowace na'ura, kamar yadda ake rubuta awo a jikin buhun siminti. Su kuma ƙungiyoyin gama kai na ma'aikatu, waɗanda suka saba saro shinkafa da babura suna raba wa membobinsu ana cire kuɗin a albashi, babu abin da zai hana su yin haka da kwamfuta. Su tara sunayen masu bukata, su ɗauki ma'aikacin sashen kwamfuta na ofishinsu ya tantance kayan ɗaya bayan ɗaya, su kuma rattaba yarjejeniya da dillali cewa duk wadda ta samu matsala cikin wata uku zai karɓa ya musanya. Mai sayen hamsin a lokaci guda yana da bakin da zai nemi wannan sharaɗi, kuma ƙungiyoyin ɗalibai a jami'o'i da kwalejojin ilimi na iya bin hanyar tun daga farkon zangon karatu mai zuwa.