Wa Ke Auna Direbanmu?

Jama'a, kowa ya san abu biyu da Aliero ta yi suna da su, watau albasa da masu ɗori. Albasa ita ke kawo manyan motoci ƙasarmu, motocin kuwa su ke kai wa masu ɗori aiki. Wanda ya karye ya gode Allah, domin akwai wanda daga bakin hanya sai makabarta. Mu mutanen Kimba ba mu da hanyar zuwa Sakkwato ko Birnin Kebbi ko Yawuri sai mun damƙa ranmu a hannun direba. To, wa ke duba halin da ya ke ciki kafin ya ta da mota?

In ka ta da zancen tuƙi cikin maye a zaure, sai a ce maka wannan ciwon mutanen Kudu ne, mu nan an hana giya. Gaskiya ne an hana. Tun zamanin Gwamna Lugga Turawa suka hana shigo da barasa Arewa, bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a Brussels cikin 1890. A shekarar 2000 kuma Jihar Kebbi ta bi sahun Zamfara ta ƙaddamar da shari'a. Amma hani a takarda bai san abin da ke ƙarƙashin kujerar direba ba. Motar da ta taso daga Ikko ta biyo ta Kwantagora da Koko da Maiyama ba ta sake direba a kan iyakar jiha. Namu na gida ma, wanda ke jin kunyar kwalba ba ya jin kunyar ƙwaya.

Na gani da idona. Wata rana a wata tasha, ana cikin lodi, direbanmu ya zaga bayan rumfa ya tsotse 'yar leda, ya kora da shayi, ya dawo yana tauna goro. Mu goma sha ne a motar, duk mun gani, ba wanda ya ce uffan, har da ni. Da ya fara sheƙa gudu sai wani fasinja ya ce, "Wannan shi ne direba!" Laifinmu ke nan. Muna yabon mai gudu, muna raina mai natsuwa, in mota ta kife mu ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, amma an umurce mu mu ɗaure raƙumi tukuna mu yi tawakkali.

Ga ɗan lissafi. Motar da ke gudun mil 60 a awa tana cin ƙafa 88 cikin sakan guda. Giya ko kaɗan ce tana jinkirta saƙo tsakanin ido da ƙafa, ta kuma sa mutum ya ga ya fi kowa gwaninta. In ta ci masa sakan ɗaya kafin ya taka birki, yaron da ke kora awaki a gabansa ya tafi. Goro da shayi da wanke fuska ba su fid da ita daga jini, sai hanta ta gama aikinta a hankali.

Shi ya sa waɗansu ƙasashe suka bar gardamar "ya bugu ko bai bugu ba" suka koma ga awo. Norway ta fara sa iyaka cikin 1936. Wani ɗan sandan Amurka, Robert Borkenstein, ya ƙago na'urar auna numfashi cikin 1954. A Ingila, Ministar Sufuri Barbara Castle ta kawo dokar 1967, wadda ta ce miligiram 80 cikin mililita 100 na jini shi ne iyaka. Masu gidajen giya suka yi ta kururuwa, aka aika mata da wasiƙun zagi da barazana, amma mutuwa a hanya ta ragu tun shekarar farko. Sikotilan ta rage nata zuwa 50 cikin 2014, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada a wuce 50 ɗin.

Mu ma dokar hanya ta haramta tuƙi cikin maye, kuma tun 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗari ta Tarayya. Amma mai karatu ya tambayi kansa, sau nawa ya ga an tsai da direba an ce ya hura na'ura? Takardun mota a ke tambaya, sa'an nan a ɗaga hannu. Ga shi kuwa na'urar numfashi giya kaɗai ta ke kamawa. Ba ta ganin taramol, ba ta ganin kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari da shi cikin 2018. Wani binciken da aka yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi.

Saboda haka ga abin da mu ke roƙon mahukunta. Na ɗaya, a ajiye na'urar awo a mararrabar Jega da manyan tashoshi, a auna direban haya kafin ya tashi, a haɗa da gwajin ƙwaya. Na biyu, a rubuta dokar da Hausa, boko da ajami, a liƙa a kowace tasha, a karanta ta a rediyo. Na uku, mai motar da ke tilasta wa direba kwana biyu ba barci don albasa ta isa kasuwa da wuri, shi ma a kama shi, gama shi ya tura yaron ga ƙwaya. Na huɗu, awo ya hau kan kowa. In za a tsai da ɗan kabu-kabu, a tsai da mai doguwar mota, ko ɗan wane ne.

Saura mu fasinja. Kuɗin mota muka biya, ba mu sayar da ranmu ba. In ka ga abin da na gani, ka faɗa wa shugaban tasha, in ya ƙi ji ka sauke kayanka. Ni na yi shiru ran nan, Allah ya kiyaye mu. Ba na sake yi.