Bindiga Mai Sakata: Kyawunta Gaskiya Ne, Amma Ba Ta Kowa Ba Ce

Jama'a, ga shi an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, an shiga lokacin farauta. Ko ina ka zauna, daga majalisun Kwaciri har rumfunan kasuwar Sabon Gari, za ka ji ana gardama a kan bindiga, wannan ya ce adaka, wancan ya ce mai baki biyu, wani kuwa ya ce duk ba su kama ƙafar mai sakata ba. Tun da yake yawancin maharbanmu manoma ne, ya kamata mu duba maganar a wannan fili.

Abin da ake nufi da mai sakata shi ne bindigar da ake buɗe ta a rufe ta da wani ƙarfe mai hannu, kamar sakatar ƙofa. In ka ɗaga hannun ka jawo, kwanson da aka harba ya fita; in ka tura ka danne, sabon harsashi ya shiga ya kulle. Iri biyu ne suka fi shahara. Akwai Mauser ta Jamus, wadda aka fitar a 1898, tana cin harsashi 5, kuma bindigogin farauta masu yawa na duniya har yau a kan tsarinta ake ƙera su. Akwai kuma Lee-Enfield ta Ingila, wadda ta fito a 1895, tana cin 10. Ita ce sojojinmu suka riƙe a yaƙin Bama, 'yan sanda kuma suka daɗe da ita.

Ba shakka masu yabonta suna da gaskiya. Na farko, ba ta cika cijewa ba, gama ƙarafunan cikinta kaɗan ne, kuma hannun mutum ne ke aikin, ko da ƙura ta shiga sai ya ƙara ƙarfi ta tafi. Na biyu, saiti. A cikin bututunta akwai waɗansu zane-zane a murɗe, su ke sa harsashi ya fita yana juyawa kamar katantanwa, shi ya sa ya kan miƙe sosai. Maharban Turai su kan ce bindiga ta kai matuƙa in ta tara harbinta cikin faɗin inci 1 daga nisan yadi 100. Adaka kuwa cikinta sumul ne, albarushin ma da ido ake auna shi, don haka harbin yau dabam, na gobe dabam. Mai baki biyu ita ma in an wuce yadi 40 ko 50 'ya'yan harsashinta sun watse, ƙarfinsu ya ragu.

Amma fa suna ba ya harbi. Tsohuwar bindiga da ta sha hannu ba daidai ta ke da sabuwa ba, ko da sunan kamfani ɗaya ne a jikinsu. Wanda ke da izinin riƙe ta, ga abin da zai duba. Ya cire sakatar ya leƙa bututun wajen haske: in zanen ya shafe, ko tsatsa ta yi ramuka, saiti ya tafi ke nan. Ya duba bakin, gama ɗan targaɗe a nan ya isa ya karkatar da harsashi. Ya gwada lambar da ke jikin sakatar da ta jikin bindigar. In sun saɓa, watau an ɗauko ta daga wata, mai yiwuwa ne ba ta kulle daidai, kwanso ya fashe a fuskar mai harbi. Ƙotar itace kuma ta kan kumbura da damina ta motse da rani, sai ta matsa bututun, harbi ya kauce. Saboda haka tilas a sake gwada saiti in yanayi ya juya. Da hunturu a rage mai, don mai da ƙura in sun gamu sun zama taɓo. Tsohon harsashin soja kuwa ya kan bar gishiri a ciki, wanda mai ba ya wanke shi, sai ruwan zafi, sa'an nan a busar a shafa mai.

Sai maganar ta ƙirar gida. Maƙeranmu gwanaye ne, ba mai musu, amma harsashi irin .303 in ya tashi, ƙarfin da ke dukan cikin bututun ya kai kusan tan 20 a kan kowane inci murabba'i. Bututun famfo ko ƙarfen mota ba a yi shi don wannan ba. Mai sayen irin wannan don araha, to, araha ba ta ado, da yatsunsa da idonsa ya ke ciniki.

To, yanzu ga inda na saɓa da masu yabo. Ƙarfin nan da ake yabo shi ne kuma haɗarinta. Harsashin .303 yana fita da gudun ƙafa 2,440 a daƙiƙa ɗaya, in kuwa ya kuskure abin da aka nufa yana iya tafiya kusan mil 2 kafin ya faɗi, da sauran ƙarfin kisa. Ku dubi ƙasar Fagge: gidaje a cunkushe, ga makarantu, ga barikin soja na Bukavu, ga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Ina mutum zai sami mil 2 da ba kowa? Ko a ƙauye ma akwai makiyayi a bayan kurmi da yara masu itace. Kuma mene ne ke ɓata mana lambu da gona a nan? Gafiya ce da kurege da ɓera da tsuntsaye, da awakin maƙwabta. Waɗannan maganinsu tarko ne da shinge da tsabtace gefen gona da rumbu mai kyau. Ba a kashe sauro da taɓarya.

Doka kuma ba ta yi shiru ba. Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa su kashi 3. Bindigogin soja, har da masu cin .303 da 7.62, suna cikin waɗanda aka haramta, ba mai riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa. Na farauta masu cin wani harsashi dabam, da masu baki ɗaya ko biyu, lasisinsu a hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda ya ke. Adaka da sauran bindigogin ɗuri kuwa, Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Watau wanda ya ajiye tsohuwar Lee-Enfield da ya gada, yana cewa ta farauta ce, laifi ya ke ajiye da shi a ƙarƙashin gado. A 2023 ma Sufeto Janar ya ba da sanarwar dakatar da ba da sabon lasisi, saboda haka kada kowa ya ba da kuɗinsa kafin ya je ofis ya ji yadda ake ciki. Ku kuma 'yan kasuwa da direbobi, kada ku karɓi saƙon da ba ku san abin da ke ciki ba.

Akwai kuma maganar naman kansa. Dattawa sun san lokacin da ake ganin barewa da gada ba nisa da Kano. Yau sai labari. Dajin Falgore an keɓe shi ne don abin da ya rage ya hayayyafa, ba a farauta a cikinsa. Bindigar da ke kashewa daga yadi 200, in ta yawaita a hannun jama'a, 'yan shekaru kaɗan za ta share sauran.

Ra'ayina ke nan: mai sakata bindiga ce ta ƙwarai, amma ta ƙwararren maharbi ce mai takarda, wanda ya san abin da ke bayan abin da ya auna. Manomi mai 'yan kuɗi a hannu, in ya sayi injin ban ruwa ko wayar shinge ko taki, kafin shekara ta zagayo zai ga ribarsu a buhu. Allah shi tsare mu da tsautsayi, shi ba mu rani mai albarka, amin.

Daga Malamin Gona, Kwaciri.